Yadda Ake Daidaita Birkin Faifai Na Keke, Da Abin Da Ya Raba Shi Da Birkin Roba

Kekunan gwanjo da ake shigowa da su yanzu, musamman masu kaurin taya na hawan dutse, da yawansu birkin faifai gare su. Faifan ƙarfe ne ake ɗaurawa a jikin hob, wato tsakiyar taya, sai wani ɗan akwati da makanikai ke kira kalifa ya matse shi da fad biyu, wato ƙananan takalman birki, ɗaya ta kowane gefe, kamar dai birkin gaba na mota. Wanda ya tashi da Raleigh ko Phoenix ko Hero, masu birkin sanda da ke jan roba ta kama rim, yakan ɗauka birki duk birki ne, ya kama gyara da dabarar da ya sani. A nan ɓarna take farawa. Birkin faifai bai fi na roba wuyar gyara ba, amma akwai abu biyu da ba ya yafewa: maiƙo da karkata. Kusan duk ƙorafin da ake yi a kansa, na kuka ne ko na gugar ƙarfe ko na rashin kamu, daga ɗayan biyun nan yake fitowa.

Abin da kowanne ya fi ɗan'uwansa

Birkin sanda yana kama rim ɗin ƙarfe mai sheƙi ta ciki. Da rani yana tsayar da keke daidai gwargwado. Ruwa na taɓa rim ɗin kuwa, sai taya ta yi zagaye da dama kafin roba ta share ruwan ta fara kamu, kuma in akwai jarkoki ko buhu a kan kariya, wannan 'yar tazarar ita ce tsakanin tsayawa da karo. In rim ya bugu ya daina zama da'ira sosai, birkin yakan riƙa fizga.

Birkin roba mai waya, irin mai dogayen hannaye biyu da Shimano ya fitar a 1996 da sunan V-brake, ya fi na sanda kamu nesa ba kusa ba, musamman a kan rim ɗin alminiyam. Ga arha, ga sauƙin gyara, ga robarsa a kowace kasuwa. Aibinsa shi ne rim yake ci. Da damina yashi yakan maƙale a roba, kowane taka birki ya zama kamar ana goga samfefa a bangon rim, har wata rana bangon ya yi siriri ya tsage.

Faifai yana can tsakiyar taya, nesa da laka da kududdufi, don haka kamunsa da ruwa da rani bai cika bambanta ba. Rim ya ɗan lanƙwashe, babu ruwansa. Ba ya cin rim, kuma zafin birki a doguwar gangara ba ya isa ga tub. Shi ya sa ya mamaye kekunan hawan dutse, har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta halatta shi a tseren kan titi a 2018. Amma yana da nasa kuɗin fansa: ya fi nauyi, fad ɗinsa iri-iri ne kuma wani ba ya shiga gidan wani, sannan ɗigon mai ɗaya ya isa ya kashe shi.

Fara da sanin irin wanda ke jikin kekenka

Bi layin da ya taso daga hannun birki zuwa kalifa. In ƙarshensa ka ga wayar ƙarfe tsirara an ɗaure ta da noti a wani ɗan hannu mai motsi, naka mai waya ne. In tiyo ne ya shige cikin kalifa kai tsaye, babu waya a waje, kuma akwai ɗan tankin mai a jikin hannun birki, naka mai aiki da mai ne. Gyaransu ya bambanta a wurare da dama, don haka kada a wuce wannan.

Kayan aikin ba su da yawa: alanki mai lamba 5, da 3, da 2.5, da 2, alanki mai bakin tauraro T25 na notunan faifai, filaya, sifana mai daidaituwa, samfefa mai laushi, sifirit irin na kemis, da tsumma mai tsabta wanda bai taɓa ganin giris ba. Wannan tsumman a ware shi daban. Wanda ake goge sarƙa da shi kada ya kusanci faifai.

Mataki na farko: taya ta zauna daidai

Mutane da yawa suna ɓata lokaci suna juya kalifa alhali taya ce ba ta zauna ba. Tazarar da ke tsakanin fad da faifai ba ta kai rabin milimita ba a kowane gefe, don haka in aksul, wato sandar da taya ke juyawa a kanta, ya karkata ko da kaɗan ne a bakin fok, ƙafafu biyun da ke riƙe da tayar gaba, faifai zai goga. Tsayar da keke a ƙasa a kan tayoyinsa, kwance maɗaurin aksul, danna kan keke ƙasa har aksul ya shige ƙarshen ramukansa biyu, sannan ka ɗaure. In maɗaurin na hannu ne mai lanƙwasawa, ya kamata ya fara yin tauri tun yana rabin hanya, rufe shi kuma ya bar maka shaida a tafin hannu. Wannan ɗauri ba na wasa ba ne a keke mai faifai, domin ƙarfin birkin gaba yana tura aksul ne ta ƙasa, wajen fita daga fok. Kama taya ka girgiza ta gefe da gefe. In tana ƙwas-ƙwas, boris ɗin hob ya yi sako-sako, kuma sai an gyara shi kafin birki ya daidaitu.

Mataki na biyu: duba faifai

Ɗaga taya ka juya ta, ka leƙa ta tsagar kalifa. Ajiye farar takarda a ƙasa ta ɗaya gefen domin tazarar ta fito fili. In faifai yana goga a kowane lokaci, kalifa ce ta karkata, za mu zo kanta. In kuwa yana taɓawa sau ɗaya a kowane zagaye, shik, shik, shik, faifan ne ya lanƙwashe. Wannan yakan faru idan an jingina keke da wani keken, ko an kwantar da shi a bayan mota aka ɗora kaya a kai.

Gyaransa haƙuri yake so. Gano daidai wurin da yake taɓawa, da gefen da yake taɓawa, ka yi masa alama. Juyo wurin ya fito daga kalifa. Goge bakin sifana mai daidaituwa da sifirit, ka matse bakin daidai kaurin faifai, ka zura shi a kan ɗaya daga cikin ƙafafun faifan da ke kusa da alamar, ka lanƙwasa kaɗan zuwa gefen da ba ya taɓawa. Kaɗan ɗin nan, kaɗan ne sosai. Juya ka duba, ka ƙara in da buƙata. Gara a yi sau biyar a hankali da a yi sau ɗaya da ƙarfi, domin ƙarfen da aka lanƙwasa gaba aka dawo da shi baya ba ya komawa yadda yake. Faifan da ya karye a lanƙwasa, ya yi gwiwa mai kaifi, a canza shi.

Faifai ma yana ƙarewa. Na Shimano sabo kaurinsa milimita 1.8 ne, kuma kamfanin ya ce a cire shi in ya kai 1.5. Na Magura ya fi kauri, daga 2.0 yake farawa a cire shi a 1.8. Yawanci an rubuta iyakar a jikin faifan. In babu ma'aunin kauri, ja farce daga ƙafar faifai zuwa inda fad ke gogawa. Ka ji wani mataki da farce ke sauka a ciki, ya ci sosai.

Wajen ɗaura sabo, duba kibiyar da ke jikinsa ta fuskanci yadda taya ke juyawa gaba. In mai noti shida ne, saka su duka sako-sako, murɗa faifan ya jingina da notunan ta yadda agogo ke tafiya, sannan ka ɗaure su tsallake-tsallake: wannan, sai na gabansa ta ɗaya ɓangaren, haka har su ƙare. Bi da bi a jere yana jan faifai ya karkata. Notunan ƙanana ne kuma kansu yana saurin lalacewa, don haka T25 ɗin ya shige sosai kafin a murɗa. Wasu hob ɗin ba noti shida gare su ba, zobe ɗaya ne mai haƙora da Shimano ke kira Center Lock, ana ɗaure shi da ƙarfin Nm 40 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Faifan noti shida ba ya hawa kan hob ɗin Center Lock sai da adafta.

Mataki na uku: fad

Cire taya. Za ka ga fad biyu da wata ƙusa ko ɗan noti da ya ratsa kunnuwansu ya riƙe su. In ƙusa ce mai baki biyu, miƙar da bakin da filaya ka zare ta. Fad ɗin za su fito tare da ɗan sifirin mai kama da hantsaki da ke raba su. Lura da yadda suke zaune kafin ka raba.

Kowane fad bayansa ƙarfe ne, gabansa kuma abin da ke kamun. Shimano ya sa iyaka a rabin milimita, amma kada a jira ya kai can. Katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, kara shi a gefen fad, in abin da ya rage bai fi katin kauri ba, lokacin canji ya yi. In aka bari ya cinye, sifirin ne zai fara shiga tsakani ya yi ƙara, daga nan bayan fad ya ci faifai, asarar ta zama biyu.

Ka tafi kasuwa da tsohon fad a hannu, domin siffarsu ta bambanta. Wanda aka fi samu shi ne mai siffar B01S na Shimano, da magajinsa B05S, kuma yana shiga kalifofin Tektro da dama. Ta fuskar abin da aka yi su da shi kuma iri biyu ne. Akwai na resin, mai laushi, marar ƙara, mai kamu tun daga farko, amma yana saurin ƙarewa a laka. Akwai na garin ƙarfe, mai jure zafi da yashi, amma ya fi ƙara kuma ya fi cin faifai. Duba jikin faifanka: in an rubuta Resin Pad Only, ƙarfensa bai da taurin da zai jure fad ɗin ƙarfe, kada a saka masa.

In birkin mai aiki da mai ne, sai an mayar da fistin, wato abin da mai ke turawa ya matsa fad, ciki kafin sabon fad ya samu wuri, domin fistin yana ƙara fitowa da kansa yayin da tsohon fad ke cinyewa. Goge kewayen fistin da sifirit, ka mayar da tsofaffin fad ɗin, ka zura sukundireba mai faɗi a tsakaninsu ka murɗa a hankali har su koma. Kada ƙarfe ya taɓa fistin kai tsaye. Wasu na tangaran ne, suna fashewa. Kuma muddin taya tana waje, kada a matsa hannun birki. Fad za su haɗe, ko fistin ya fito gaba ɗaya mai ya zube. In za a ɗora keke a mota an cire taya, naɗe kwali ka cusa tsakanin fad.

Mataki na huɗu: daidaita kalifa

Na mai ya fi sauƙi, domin fad biyun duka suna motsi. Sassauta notuna biyu da suka riƙe kalifa a jikin fok ko firam da alanki 5, har ta riƙa motsi gefe da gefe amma ba ta rawa. Matsa hannun birki da ƙarfi ka riƙe, kalifa za ta daidaita kanta a kan faifai. Kana riƙe ka ɗaure notunan kaɗan-kaɗan, wannan kwata, wancan kwata, har su kai Nm 6 zuwa 8. In aka ɗaure ɗaya gaba ɗaya kafin ɗayan, kalifa takan juya ta bi shi. Saki ka juya taya. In har yanzu tana goga, sassauta noti ɗaya kawai, ka tura kalifa da yatsa kana kallon farar takardar nan har haske ya bayyana ta gefe biyu. In fistin ɗaya ne ke fitowa ɗayan ya maƙale, ƙura ce ta taru. Riƙe mai motsin, matsa birki kaɗan ɗayan ya ɗan leƙo, goge shi, ka mayar. Da hunturu wannan yana yawan faruwa.

Na waya shi ne ya fi yawa a kekunan da ake samu a kasuwa, kuma shi aka fi yi wa gyaran kuskure. A yawancinsu fad ɗaya ne kawai ke motsi, na waje. Na ciki, wanda ke ɓangaren sifok, a tsaye yake. In ka matsa birki, na waje yana tura faifai ya ɗan lanƙwasa har ya jingina da na ciki. Ma'ana, in na ciki ya yi nisa, rabin ƙarfin hannunka a lanƙwasa faifai yake ƙarewa, birki ya yi taushi kamar soso.

Ga yadda ake yi. Kwance wayar gaba ɗaya daga hannun kalifa, ka mayar da ɗan mazagin daidaita waya da ke jikin hannun birki ciki, ka bar masa zagaye ɗaya ko biyu. Sassauta notunan kalifa biyu. Leƙa ta tsakanin sifok, za ka ga babban noti a bayan fad na ciki, yawanci na alanki 5. A Avid BB7 jan mazagi ne da ake juyawa da hannu ko da T25. Wasu suna da ɗan ƙaramin noti na alanki 2 a gefe da ke kulle shi, sai an sassauta wannan tukun. Juya shi ta yadda agogo ke tafiya har fad na ciki ya fito sarai ya wuce jikin kalifa. Yanzu tura hannun kalifa da yatsa har fad biyun su matse faifai, kana riƙe ka ɗaure notunan bi da bi. Saki. Faifai zai riƙa goga na ciki, sai ka mayar da shi baya kaɗan-kaɗan, kwatan zagaye a lokaci guda, har gugar ta ɗauke. A nan za ka tsaya, kada ka ƙara. Sai ka ja waya da filaya ta miƙe, hannun kalifa yana wurin hutunsa ko ya ɗan motsa kaɗan, ka ɗaure. Matsa birki da ƙarfi sau goma domin waya da kwansonta su zauna, ka cire sauran sakin da mazagin hannu. In ka matsa iya ƙarfinka, ya kamata a samu sararin yatsa ɗaya zuwa biyu tsakanin hannun birki da mariƙi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne, duk sanda birki ya yi sanyi sai a ja waya kawai, kamar yadda ake yi wa na roba. Fad na ciki yana cinyewa yana komawa baya, ba wanda ya matso da shi. A ƙarshe ya nutse cikin kalifa, faifai ya koma gogar jikin kalifar, ƙarfe da ƙarfe. Hannun kalifa kuma, da yake an riga an ja shi rabin hanya, sai ya kai ƙarshen tafiyarsa kafin ya matse, birki ya ɗauke gaba ɗaya a lokacin da aka fi buƙatarsa. Ƙa'idar ita ce: na ciki tukun, waya daga baya. Mai hawa kullum ya duba wannan duk bayan mako biyu ko uku, da damina ma fiye da haka.

Akwai kuma batun hannun birki. Kalifar keken hawan dutse tana son hannu mai jan waya da tsawo, irin na V-brake. Ta keken tsere mai lanƙwasasshen kai tana son mai gajeren ja. In aka haɗa su a gicciye, ko dai hannu ya taɓa mariƙi ba kamu, ko ya yi tauri kamar dutse ba ƙarfi. Kwanson waya mai tsatsa ko wanda ya karye a lanƙwasa shi ma yana shanye ƙarfi. In ka saki birki bai koma da sauri ba, canza waya da kwanso tare.

Mataki na biyar: a koya wa sabon fad faifai

Sabon fad ba ya kamu sosai sai ya shafa wani siririn ɓawo na jikinsa a kan faifai. Nemi hanya shimfiɗaɗɗiya marar cunkoso. Ɗauki gudu matsakaici, matsa birki ɗaya da ƙarfi daidai har ka sauko gudun mai tafiya a ƙasa, ka saki kafin keke ya tsaya cak, kuma kada taya ta kulle. Maimaita sau 20 ga na gaba, sau 20 ga na baya. Za ka ji kamun yana ƙaruwa a hannunka. Wanda ya tsallake wannan ya shiga gangara da sabon fad, fuskar fad ɗin takan ƙone ta yi sheƙi kamar gilashi, daga nan kuka ya fara. Bayan wannan aiki kada a taɓa faifai da hannu, yana ƙuna.

Maiƙo

Birki yana kuka kamar jaki, hannu da tauri amma keke ba ya tsayawa: mai ya taɓa fad. Hanyoyinsa sanannu ne. Baƙin man inji da ake tsiyayawa a sarƙa yana fantsama zuwa faifan baya. Man feshi da ake fesa wa giya iska tana kai shi. Hannun da ya taɓa giris ya kama faifai wajen saka taya. Mai wankin keke ya bi ko'ina da soso ɗaya. Akwai ma masu ɗiga mai a faifai da gangan wai don kukan ya daina, wanda hakan kashe birki ne ɗungurungum.

Faifai yana wankuwa: sifirit da tsumma mai tsabta, gaba da baya da cikin ramukan, har tsumma ya daina baƙi. Kada a yi da kananzir ko gas, su kansu maiƙo ne. Fad kuwa yana shan mai kamar yadda bulo ke shan ruwa. In taɓawar sama-sama ce, shimfiɗa samfefa a kan abu mai lebur, ka goga fuskar fad har launinsa na asali ya fito, ka goge da sifirit, ka sake yin tsayawa 20 ɗin nan. In kukan ya dawo bayan kwana biyu, man ya shige ciki, sai sabo. Ƙona fad a wuta da wasu ke yi yana iya raunana gam ɗin da ya manne shi da bayansa, ya ɓalle ana cikin tafiya. Kafin a saka sabo a birki mai mai, duba bayan tsohon: in da danshi, kalifar ce ke yoyo, kuma sabon ma zai lalace.

Wajen sa wa sarƙa mai, ɗiga shi ɗigo-ɗigo a ƙasan sarƙa kana juya feda baya a hankali, ka share rarar da tsumma.

In hannun birki mai mai ya yi laushi

Hannu ya tafi har mariƙi, amma in ka matsa sau uku da sauri sai ya yi tauri: iska ta shiga. Kifa keke a kan sirdi, yadda aka saba wajen facin taya, yana iya tura iskar da ke tanki ta shiga tiyo, don haka bayan an kifa keke a gwada birki kafin a hau.

Kafin komai, karanta murfin tanki. Shimano da Tektro da Magura man ma'adinai suke sha, za ka ga an rubuta Mineral Oil. Avid da Hope da yawancin SRAM na baya DOT 4 ko DOT 5.1 suke sha, irin na mota. Man birkin mota da ake sayarwa a bakin tasha DOT ne. In aka zuba shi a Shimano, robobin ciki za su kumbura, birkin gaba ɗaya ya tashi aiki, hannu da tiyo da kalifa. Haka in aka juya. Man inji da man keken ɗinki ba sa cikin lissafi. DOT kuma yana cin fenti, yana shan danshin iska, don haka gwangwanin da ya daɗe a buɗe ba shi da amfani.

Ga na Shimano, ana buƙatar ɗan mazurarinsa mai zare, da sirinji da ɗan tiyo, da katangar roba da ake sakawa a gurbin fad. Cire taya da fad, ajiye su nesa. Mayar da fistin, saka katangar. Juya hannun birki ya kwanta daidai da ƙasa, cire ɗan notin saman tanki ba tare da ka yar da zoben robarsa ba, ka ɗaura mazurari. Cika sirinji da mai kamar mililita 20, fitar da iskar cikinsa, ka haɗa tiyon da kan nonon da ke jikin kalifa. Buɗe nonon kaɗan, bai kai kwatan zagaye ba, da sifana 7 ko alanki 3, gwargwadon irin kalifar. Tura mai a hankali. Zai hau ya fito a mazurari da kumfa, wani lokaci baƙi ƙirin. Ci gaba har ya fito garau babu kumfa, ka rufe nonon kana cikin turawa. Sai ka riƙa matsa hannun birki kana sakinsa, kana ƙwanƙwasa tiyo da kalifa da bayan sukundireba, kana ɗan karkata hannun sama da ƙasa, har ƙananan kumfa su daina tasowa kuma hannu ya yi tauri. Toshe mazurari, cire shi, mayar da noti. Wanke ko'ina da sifirit kafin fad su dawo.

Za a iya mayar da tsohon keke mai faifai?

A mafi yawan lokuta amsar ita ce a'a, kuma gara a faɗe ta a fili. Kalifa tana buƙatar kunnuwa da aka ƙera tare da fok da firam: ko masu ramuka biyu a gefe da tazarar milimita 51, ko masu ramuka da ke fuskantar baya da tazarar 74. Tsohon keke ba shi da su. Adaftar da ake maƙalawa da noti tana juyawa in an taka birki da ƙarfi. Walda kuma ba ta magance asalin matsalar: birkin roba yana kamu ne a saman fok inda yake da kauri, faifai kuwa yana zuba duk ƙarfinsa a ƙarshen ƙafar hagu, inda fok ɗin tsohon keke ya fi siriri. Ƙafar tana iya lanƙwashewa ko ta karye, kuma karyewar fok ana gudu, da ka ake sauka.

Ko an samu fok mai kunnuwa, wuyan tsofaffin kekuna inci 1 ne mai zare, na yanzu yawanci inci 1 da ɗaya bisa takwas marar zare. Hob mai faifai na baya faɗinsa yawanci milimita 135 ne ko fiye, firam ɗin tsohon keke irin su Raleigh bai kai haka ba. Tayar Raleigh mai inci 28 da ɗaya da rabi rim ɗinta milimita 635 ne, na 700C kuwa 622, na inci 26 na hawan dutse 559, ba mai maye gurbin wani. Sannan sai an sake saƙa taya a kan sabon hob, sifok a gicciye, domin miƙaƙƙen saƙi ba ya jure murɗar faifai. In aka haɗa kuɗin duka, ya kusa sayen wani keken.

Abin da ya fi shi ne a gyara birkin da ke jikinsa. A na sanda, fara da miƙe rim, domin shi ne rabin aikin. Saka sabuwar roba. Tsohuwa takan bushe ta yi tauri ko ba ta cinye ba. Gidan robar gefe ɗaya a rufe yake, ɗaya a buɗe, kuma rufaffen ne zai fuskanci inda rim ke tafiya, in ba haka ba robar za ta zame ta fice. Sassauta notin da ya haɗa sanda biyu, ɗaga karagar robobin har su rage milimita 2 zuwa 3 su taɓa rim, ka ɗaure. Ɗiga mai kaɗan a mahaɗan sanda, ban da roba. A na V-brake, robar ta kwanta a tsakiyar bangon rim, kada ta taɓa taya, kada ta leƙa ƙasa, tazara kamar milimita 1 zuwa 2 kowane gefe. Gabanta ya riga bayanta taɓawa da kamar milimita 1, wannan ke hana kuka. Naɗe ɗan kwali ka sa a bayan robar lokacin ɗauri. Ƙananan notunan da ke gindin hannayen biyu su ke daidaita sifirin, in gefe ɗaya yana manne da rim ƙara wa nasa ɗauri rabin zagaye. Lokaci-lokaci a cire roba a tsince yashi da ɓarɓashin alminiyam da suka nutse a cikinta da tsinin allura.

Mai ɗaukar kaya masu nauyi a keke mai faifai, ko mai sauka dogayen gangara irin na Filato, zai iya ƙara girman faifan gaba daga milimita 160 zuwa 180 da adaftar da ta dace, muddin fok ɗin an yi shi ya ɗauki hakan. Babban faifai ya fi kamu kuma ya fi saurin huce zafi. A gangara kada a riƙe birki ana ja tun daga sama har ƙasa. A matsa da ƙarfi gudu ya ragu, a saki ya sha iska, a sake matsawa, na gaba da na baya tare, jiki ya ɗan koma bayan sirdi.